Kwanon Kirsimeti a Bakin Dajin Rugu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Da sakatariya ta aiko mani takarda cewa an ba ni minti 30 in yi magana a kan ƙauna da haƙurin matan Kirista a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, sai na ce to, an ɗauko babban kaya an aza wa tsohuwar unguwarzoma. Ni ba fasto ba ce. Abin da na sani shi ne awon ciki da karɓar haihuwa, kuma shi na yi shekara da shekaru ina yi a ƙauyukan ƙasar Safana da Batsari, mafi daɗewa a Tsaskiya. Saboda haka zan tsaya ga abin da idona ya gani a wannan yanki. Na san mafi yawan waɗanda ke zaune a wannan zaure Musulmi ne. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na amsa gayyata, domin rabin labarin da zan bayar naku ne.

Da farko bari in gabatar maku da matan da ake magana a kansu. Har gobe akwai wanda in ya ji an ce Kirista sai ya ɗauka baƙo ne daga Kudu. A jiharmu ta Katsina akwai Kiristocin da Hausa ce kaɗai bakinsu, da ita aka yi masu tawai, da ita suke addu'a. A zamanin mulkin Turawa an daɗe ba a yarda ’yan mishan su yi wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulunci ba, kuma ƙofar da ta fara buɗe masu ita ce jinyar kutare. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mishan ta SIM ta karɓi wannan aiki a Babbar Ruga, nan kan hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Batsari, inda yanzu ake yi wa mata aikin yoyon fitsari. Sannu a hankali bishara ta shiga gidajen Maguzawa a ƙasashen Malumfashi, Ƙafur, Ƙanƙara, Matazu da Musawa. Littafi Mai Tsarki ya fito cikin Hausa tun 1932, ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, a watan Disamba na 2023 kuma aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katolika ta Katsina. Ni ma daga irin waɗannan gidaje na fito. To amma a yammacin jiha, wato wajen Safana da Batsari, mu ’yan kaɗan ne ƙwarai: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, matan ’yan sanda, masu shaguna, da ’yan gidajen da noma ya kai su. Inda nake zuwa sujada, in dukanmu mata muka hallara ba mu cika 20 ba.

Abin da ya ɗaure waɗannan mata wuri ɗaya shi ne Zumuntar Mata. Duk wadda ta taɓa zama kusa da majami'a ta san su: zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ana buga tulu da kuge da caki ana waƙa. Yadda ake ba da tarihinta, ta faro ne a 1930 a Miango ta ƙasar Filato, bayan wata mata ta kusa rasa ranta wajen haihuwa, sai matan ikkilisiya suka yi karo-karo suka sayi keke don a riƙa gaggauta kai mai naƙuda ga magani. Kun ga a matsayina na unguwarzoma dole in ji daɗin wannan tarihi. Da keken mai naƙuda aka fara, waƙa daga baya ta biyo.

Yanzu ga yadda Kirsimeti yake a da, kafin daji ya lalace. Maza suna ɗauka ranar 25 ga Disamba ake yinsa. A wurin mace tun damina yake farawa. Tun ana noman farko za ta shiga adashi, ta roƙi a sa kwasarta ta faɗo a watan Nuwamba. Tun a lokacin ta ware ɗan akuya ta ɗaure shi a bayan ɗaki tana ba shi dusa da harawa. In kaka ta yi, ta sayar da ’yar gujiyarta da waken gayaunarta, ta kai wa tela ɗinkin yara tun kafin ya fara yi wa mutane ƙarya. Ita kuwa sau da yawa zanen zumuntar bara za ta wanke ta ninke a ƙarƙashin katifa. Ana saura kwana 2 a soya cincin, a jiƙa shinkafar waina, a dafa zoɓo, ga sanyin nan na bakin daji mai tsaga leɓe da diddige.

Da asubar ranar, abu na farko shi ne a aiki yaro ya kira maƙwabci Musulmi ya zo ya yanka akuyar. Wannan al'ada tsohuwa ce, kuma dalilinta ɗaya ne: don kada wanda aka kai wa ya yi shakkar ci. Matar da ta yi wata 6 tana kiwon dabba, ta miƙa wuƙa ga wanda ba addininsu ɗaya ba don maƙwabta su ci da kwanciyar hankali, ai ta yi wa'azin da ya fi na bisa bagadi. Sai a jera kwanoni. Na mai gari daban, na liman daban, na tsohuwar unguwarzomar gargajiya, na matar da ke ba mu aron turmi, na almajiran tsangayar bayan gida. Kafin a buga ƙararrawar sujada yara sun gama zagaye. Kwano kuma ba ya dawowa wayam. Wata ta zubo gero, wata kuka da kuɓewa busassa, wata ta sa wa yaron ’yan kuɗi a aljihu. Ran Babbar Sallah kuwa har sai mun rasa inda za mu shanya nama. Wadda ta yi girkin ita ce ta ƙarshe wajen ci, galibi ƙanzo da romo, a tsaye.

Kada in yi maku daɗin baki, ba kullum ake karɓa ba. Akwai shekarun da wasu masu wa'azi suka riƙa cewa kada a ci abincin Kirsimeti, wasu malaman kuma suka ce babu laifi. Wannan magana ta malamai ce, ni ba zan sa baki ba. Abin da na sani shi ne yadda zuciyar mace take yi in yaronta ya dawo da kwano a rufe kamar yadda ya tafi da shi, ya ce, “Mama, sun ce a gode.” Matasan cikinmu suka ce shi ke nan, an huta da asara. Uwar zumuntarmu, wata dattijuwa matar tsohon malamin firamare, ta ce a'a. Ta ce wanda ya ƙi dafaffe saboda tsoron Allah ba maƙiyinki ba ne, ki nemi abin da zai iya karɓa. Daga shekarar muka riƙa aika wa irin waɗannan gidaje ɗanyen kaya tun ana saura mako guda: mudun shinkafa, kwalbar man gyaɗa, wani lokaci kaza da ranta, ba tare da an ambaci sunan biki ba. Aka karɓa. Gidan da ya fara mayar mana da kwano, ni na karɓi haihuwar jikokinsa 3.

To jama'a, sai zamani ya juya. Ba sai na tsaya ba ku labarin Dajin Rugu ba, wanda ya taso daga wajen Batsari ya bi ta Safana da Ɗanmusa ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Da can wurin kiwo ne da itace da farauta. Daga satar shanu aka koma satar mutane. A ranar 14 ga Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari. A watan Afrilu na shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Ɗanmusa da Dutsin-Ma da Safana. Daren 11 ga Disamba 2020, ana saura mako 2 Kirsimeti, aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai ran 17 ga wata aka sako 344. Mu da muka yi kwanan makaranta, muka san yadda ake ƙirga kwanakin hutun Disamba a bangon ɗaki, ba sai an gaya mana abin da iyayen yaran nan suka ji ba. Harsashin ɗan bindiga bai tambayi addinin kowa ba, kuma mafi yawan waɗanda aka binne a yankinmu Musulmi ne, tun da su ne mafi yawa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya fita daga nan ya ce na zo kukan ɓangare ɗaya.

Kirsimeti ya canza kama. Sujadar dare ta jajibere aka dawo da ita la'asar, daga baya ma aka bari. Aka daina buga tulu don kada sauti ya yi nisa. Akwai shekarar da muka yi waƙoƙin haihuwar Almasihu ƙasa-ƙasa kamar masu gulma, ƙofa a rufe, yaro ɗaya a waje yana sauraron ƙarar babura. Mata da yawa sun kwana a cikin karan dawa da goyo a baya, hannu a kan bakin jariri, da safe su dawo su hura wuta.

Shekarar 2021 ta fi tsaya mani a rai. A ƙarshen Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Safana da Batsari, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, aka yi watanni a haka. An yi ne don a toshe wa ɓarayin daji hanya. Amma ku tuna akuya ita ce bankin matar ƙauye, rufe kasuwar dabbobi kuwa rufe bankin ne. Waya kuma ita ce igiyar da ke tsakaninta da ɗanta da ke karatu a Zariya, da mijinta da ya tafi ci-rani. Na ga mata suna haɗa saƙonni a takarda ɗaya, su ba direban da zai shiga Katsina lambobin ’ya'yansu, ya kira masu in ya samu layi, ya dawo da amsa bayan kwana 2. Saƙon kusan iri ɗaya ne: muna lafiya, kada ka zo gida bana. Duk uwar da ke zauren nan ta auna nauyin wannan, a ce da bakinki za ki hana ɗanki zuwa gida ranar biki.

A cikin waɗannan shekaru ne wani abu ya faru a zumuntarmu wanda nake so in ɗan daɗe a kansa. Akwai wata Bafilatana mai tallan nono, kowa Inna yake ce mata. Shekara da shekaru tana kan jerin waɗanda muke kai wa kwano, domin ta sha ba yaranmu nono bashi. Da abubuwa suka ɓaci, gari ya juya wa Fulanin gefe baya. Aka daina sayen nononsu, ’yan sa-kai suna tare su a hanyar kasuwa, duk wanda aka gani yana hulɗa da su sai a fara raɗe-raɗin ko infoma ne. Ita Inna an kore nata shanun tun da farko, amma ana cewa wani ɗan ɗan'uwanta ya shiga daji. A wannan kakar kuma aka harbe mijin wata ’yar zumuntarmu a gona yana yankan dawa, ya bar ta da yara 4.

Ranar da muka zauna rabon kwanoni, uwar zumunta ta ambaci sunan Inna kamar kullum. Sai matar mamacin ta miƙe, jikinta na rawa, ta ce, “Mama, shinkafar da na sa kuɗina a ciki za a kai wa dangin waɗanda suka kashe uban ’ya'yana?” Wuri ya yi tsit. Uwar zumunta ta ce, “Ɗiyata, ba Inna ta kashe shi ba.” Ta ce, “Ba ta hana ba.” Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Ina so ku lura, a cikinmu babu wadda ta ga laifinta. Wasu ma suka kawo wata hujja mai ƙarfi, cewa mu ’yan tsiraru ne, in aka ga yaronmu ya nufi ruga da kwano, gobe za a ce Kiristoci ne ke kai wa ’yan bindiga abinci, kuma irin wannan magana ta sha cin rai. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta yi sanyi. A ƙarshe uwar zumunta ta ce a cire kuɗin matar mamacin daga tukunyar, a mayar mata, kada a sa ta ciyar da wanda zuciyarta ba ta yarda ba. Kwanon Inna kuwa ita za ta cika shi daga rabonta, kuma ba za a aiki yaron kowa ba. Da safe ta fara biyawa ta ƙofar mai unguwa ta gaya mashi inda za ta da abin da ke hannunta, ta buɗe ya gani. Sannan ta taka da ƙafarta, tsohuwa mai ciwon gwiwa, da rana tsaka, kowa na kallo. An yi surutu, har wani mai shago ya yi mako 2 ba ya amsa gaisuwarta. Bayan kwana 3 wata yarinya ta kawo kwanon da ɗan curin man shanu a ciki. Kafin damina Inna da sauran mutanenta sun tashi, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Mutane in na ba su wannan labari sukan tsaya a kan tafiyar tsohuwa zuwa ruga. Ni abin da ya fi girma a idona shi ne abin da ya biyo baya. Matar mamacin ta daina zuwa zumunta. In ta hango uwar zumunta a bakin rijiya sai ta sauya hanya. Ba wanda ya je ya karanta mata aya a kan gafara, ko da yake wani mai bishara ya so ya yi, matan suka hana shi. Sai dai duk mako akwai wadda za ta ajiye mata itace a ƙofar gida, wata ta ɗebi yaranta ta yi masu kitso da wanki, aka biya wa babbar ɗiyarta kuɗin jarrabawa ba tare da ta san daga aljihun wa ya fito ba. Maƙwabtanta Musulmi su suka ƙarasa yanke mata dawar da mijin ya bari a gona, suka ɗaure suka kawo. Shekara 2 ana haka. Ran da ta dawo ba ta ce wa kowa komai ba, ta zauna a benci na baya, aka miƙa mata caki ta karɓa. Har yau ban taɓa jin ta ce ta yafe ba, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Wannan ya kawo ni ga kalmar haƙuri kanta. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 13, da Manzo Bulus ya tashi lissafa halayen ƙauna, haƙuri ya fara ambata. ’Yan'uwana Musulmi kun fi ni sanin matsayin haƙuri a Alƙur'ani. Hausawa kuma sun ce shi ne maganin zaman duniya. To amma mu mata mun san wannan kalma tana da fuska biyu. Tun ranar da aka kai mu ɗakin miji ake ce mana a yi haƙuri. Miji ya sha kuɗin ɗinkin yara a burkutu ran jajiberen Kirsimeti, a ce ki yi haƙuri. An yi maki duka, dattawan ikkilisiya su zauna su ce ki yi haƙuri. An kashe maki miji, manya su zo da motoci da mudun shinkafa su ce a yi haƙuri, su juya kafin la'asar don hanya ba kyau. Irin wannan haƙuri murfi ne da ake kifawa a kan tukunya don kada a ji ƙauri. Na sha ganin ƙarshensa a ɗakin awo: hawan jini ga yarinya ’yar shekara 25, mace mai ciki wata 8 da ba ta iya barci. Haƙurin matan da na ba ku labari aiki ne da ake yi da hannu da ƙafa, mai yinsa ita ta zaɓa, kuma bai hana ta buɗe baki ba. Uwar zumuntar nan da kuka ji, ita ce ta taɓa tsayawa gaban dattawa ta ce ba za ta sake mayar da wata yarinya gidan mijin da ya karya mata hannu ba. Saboda haka malamaina maza da ke nan, da mazajen ƙawayena, ku gafarce ni: in za ku yaba haƙurin mata, ku fara tambaya wa ya jawo abin da ake haƙurin da shi.

A 2025 an yi zaman sulhu da ’yan bindiga a Jibiya da Batsari da Ɗanmusa da Safana. Ra'ayi ya rabu a kai, a cikin zauren nan ma na san ya rabu. Wadda ta samu ta koma gonarta ba za ta raina shi ba, wadda ta ga wanda ya kashe mata ɗa zaune a kan tabarma da bindigarsa ana ba shi lasifika ita ma ba za a hana ta jin abin da ta ji ba. Abin da na lura kawai, a duk hotunan zaman da na gani ban hango ɗankwali ko ɗaya ba, alhali waɗanda suka san gidan da aka daina kai wa kwano, da gidan da ya kamata a fara komawa, suna can bakin murhu.

Shugaba, kafin in zauna ina da roƙo. Iyalai da yawa daga ƙauyukan Safana da Batsari sun watsu a Dutsin-Ma da Katsina da cikin garin Batsari, wasu a kangaye, wasu a ɗakunan ’yan'uwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin da mace ke samu a wankau da surfe bai wuce na tuwon dare ba, kuma in kuɗi ya gaza ɗiya mace ake fara cirewa daga makaranta a ɗora mata talla, daga talla sai aure. Mu nan wani ya biya mana, shi ya sa muke zaune a kan kujeru muna jin jawabi. Ina roƙon kowane aji, tun daga yayyenmu na farko har zuwa ƙannenmu na baya-bayan nan, ya ɗauki nauyin yarinya ɗaya daga cikin waɗannan iyalai har ta gama sakandare: kayan makaranta, littattafai, kuɗin jarrabawa. Kada a tambayi addininta. Na yi magana da matan zumunta da kuma wasu malaman Islamiyya mata a Dutsin-Ma, sun yarda su zaƙulo mana yaran tare, su kuma riƙa kawo mana sakamakonsu kowane zango. Takardar tana wurin ma'aji, ajinmu ya riga ya sa hannu, kuma muna so a kammala kafin a koma hutu a watan Janairu.